Yadda za ka lissafa kuɗin kwastam da kanka tun kaya ba su hau jirgi ba

Abu uku ne ke yanke kuɗin fiton da za ka biya a kan kwantenarka: lambar da aka shigar da kayan a ƙarƙashinta, darajar da kwastam ta yarda kayan sun kai, da farashin dalar da hukumar ke lissafi da shi. Biyun farko tun kana Gwanzu ta ƙasar Sin ko Dubai ake ƙulla su, kafin a garƙame ƙofar kwantena. Amma da yawa daga cikin 'yan kasuwar Kantin Kwari da Sabon Gari da Singa ba sa jin adadin sai jirgi ya sauke kaya a Apapa, ejan da ke fitar maka da kaya daga tasha ya bugo waya ya ce a turo miliyan kaza. A lokacin kuwa dabara ta ƙare, domin kullum garin Allah ya waye kuɗin ajiya ƙaruwa yake yi. Lissafin ba gagararre ba ne. Duk wanda ya iya fitar da ribar dila ɗaya ta atamfa zai yi shi da kalkuletar waya, muddin ya san me ake ɗorawa a kan me.

Abin da ya haɗa kwantenarka da kasafin kuɗi

Kafin shugaban ƙasa ya kai kasafin kuɗi gaban Majalisar Dokoki ta Ƙasa, gwamnati kan gabatar da tsarin kashe kuɗi na shekara uku, kamar yadda wata doka ta 2007 ta tanada. A nan ake ƙiyasta farashin gangar mai, da yawan gangunan da za a haƙo a rana, da farashin dala, da abin da kowace hukuma mai tara kuɗin shiga za ta kawo. Kasafin 2025, wanda Shugaba Tinubu ya sa wa hannu a ƙarshen Fabrairun shekarar, naira tiriliyan 54.99 ne, an gina shi a kan gangar mai dala 75, ganga miliyan 2.06 a rana, da dala ɗaya a naira 1,500. Man da ake haƙowa ya saba gaza kai wa abin da aka ƙiyasta, in kuwa ya gaza, ido kan koma kan haraji da kwastam.

A 2023 hukumar kwastam ta tara kimanin naira tiriliyan 3.2. A 2024 aka ɗora mata kusan tiriliyan 5.1, ta kawo tiriliyan 6.1. Ba kaya ne suka ninka a cikin shekara ɗaya ba, faɗuwar naira na da babban kaso a wannan kumburin. Kuɗin fito asusun tarayya yake shiga, a raba shi duk wata: gwamnatin tarayya kashi 52.68 cikin 100, jihohi 26.72, ƙananan hukumomi 20.60. Hedkwata a Abuja kuma takan rarraba wa kowane ofishin yanki adadin da zai cike. Saboda haka jami'in da ke duba takardunka yana da nasa nauyin a ka, kada ka sa ran zai kau da kai daga lamba ko farashi mai shakku.

In kana shigo da kaya a kai a kai, takardar da ta fi kasafin kansa shafar aljihunka ita ce sanarwar matakan haraji da Ma'aikatar Kuɗi ta Tarayya ke fitarwa. A cikinta ake ɗaga harajin wani kaya, a sauke na wani, a ɗora ƙarin haraji a kan abin da ake so a riƙa ƙerawa a gida, a kuma sabunta jerin kayan da aka haramta. Akan ba wa waɗanda suka riga suka buɗe Fom M, wato takardar shigo da kaya da ake buɗewa ta banki, wa'adi, galibi kwana 90, su fitar da kayansu a tsohon farashi. Wanda bai buɗe ba, sabon farashi ne ya hau kansa ko da ya gama biyan mai kaya.

Fara da lambar kaya

Kowane kaya da ake ciniki a duniya yana da lamba a tsarin da ake kira HS, wanda Hukumar Kwastam ta Duniya ke kula da shi. Lambobi shida na farko iri ɗaya ne a ko'ina, Najeriya da sauran ƙasashen ECOWAS kuma suna ƙara huɗu su zama goma. Biyun farko su ne babi: 52 na auduga ne, 54 da 55 na zaren roba irin su polista, 61 da 62 na tufafin da aka ɗinka, 64 takalma, 84 injuna, 85 kayan lantarki, 87 motoci da babura. Tun 2015 Najeriya ke aiki da jadawalin haraji na bai ɗaya na ECOWAS, mai mataki biyar. Kashi sifili na kayan da jama'a ba sa iya yi sai da su ne, 5 na ɗanyen kayan masana'antu da injuna, 10 na kayan da aka fara sarrafawa amma ba a gama ba, 20 na kayan da aka gama za a kai kasuwa, 35 kuma na waɗanda ake kare masana'antun gida daga gare su. Jadawalin yana shafin intanet na hukumar kwastam, kowa na iya dubawa kyauta. Ka duba ginshiƙin kuɗin fito, ka kuma duba na kusa da shi, inda ake rubuta ƙarin haraji, domin wasu kayan ƙarin da ke kansu ya kai kuɗin fiton ko ya fi shi.

Sunan da ake kiran kaya da shi a kasuwa ba shi ne ke ba da lamba ba. Abin da aka yi kayan da shi da aikin da yake yi su ne hujja. A wurin mai shago atamfa atamfa ce, amma a jadawali yadin da audugarsa ta kai kashi 85 kuma nauyin murabba'in mitarsa bai wuce giram 200 ba yana ƙarƙashin 5208, atamfar roba kuwa ta zaren polista tana can 5407. Don haka ka sa masana'anta ta rubuto maka kason kowane zare da nauyin yadin, kada ka tsaya a kan "mai kyau ce, Alhaji". Haka kayan sola: faifan yana 8541, inbata 8504, batir 8507. Layi uku ne, kowanne da nasa kason. Wanda ya dunƙule su duka ya rubuta "kayan sola" a ƙarƙashin layin da ya fi sauƙi, ranar da aka buɗe kwantena aka ga batura jere, za a sake lissafi a kuma ɗora masa tara.

Akwai wata ƙa'ida da kan kama mutane. Kayan da aka kawo a warwatse, amma duk sassansa suna cikin kwantenar, ana ɗaukarsa a matsayin cikakken kaya. Cire wa fanka fukafukai a sa su a kwali daban bai mayar da ita kayan gyara ba. Rangwamen da ake yi wa kayan haɗawa na masana'antun da gwamnati ta amince da su ne, kuma da takardarsu.

Kada ka kwafi lambar da mai kaya na Sin ya rubuta maka ido rufe. Shida na farko za su iya zama daidai, amma na bayansu na jadawalin ƙasarsu ne, sau da yawa kuma ya zaɓi lambar ce don ta fi dawo masa da rangwamen haraji a can. In kayan sabo ne, ko kana ganin zai iya faɗawa layi biyu, tun Mayun 2024 kwastam ta buɗe ƙofar neman hukunci a rubuce kafin a shigo da kaya: ka aika bayanin kayan da hotuna da takardar masana'anta, su ba ka lambar da za su tsaya a kanta. Mai shigo da kaya iri ɗaya kwantena bayan kwantena bai kamata ya bar wannan damar ba.

Kafin ka tura ko sisi, duba jerin kayan da aka haramta. Akwai kajin firiza, taliya da indomi, siminti na buhu, man girki da sukari da sabulu da lemon kwalba a ƙunshin sayarwa ɗai-ɗai, maganin sauro na kunnawa, wasu magunguna irin su farasitamol, da motar da ta wuce shekara 12 da ƙerawa. Kayan gwanjo na sawa ma haramtattu ne a doka, duk da sun cika kasuwa. Irin waɗannan babu batun lissafi a kansu, ƙwacewa ake yi.

Darajar kaya

Kwastam ba a kan kuɗin saye kaɗai take lissafi ba. Tana haɗa abu uku ne: farashin kayan har a ɗora su a jirgi a tashar da suka taso, wanda ake kira FOB, da kuɗin dakon jirgi, da kuɗin inshora. Jimlar ita ce CIF. A nan akwai kuskuren da ake yawan yi: in mai kaya ya ba ka farashin bakin masana'anta, to ba FOB ba ne tukuna, sai ka ƙara kuɗin motar da za ta kai kayan tashar jirgi da kuɗin fitar da su daga can. Inshorar kuma doka ta ce da kamfanin Najeriya za a yi ta, akan yi ta a kan kashi 110 na kuɗin kaya da dako.

Asalin ƙa'ida shi ne a yi aiki da abin da ka biya da gaske. Sai an sami dalilin shakka sannan ake sauka mataki mataki: farashin kaya iri ɗaya sak da wani ya shigo da shi, sai mai kama da shi, sai a ciro daga farashin da ake sayarwa a kasuwar gida, sai a ƙiyasta daga kuɗin ƙerawa, daga ƙarshe a yi amfani da abin da ya fi kusa da hankali. Hukumar tana da ajiyar farashin duk abin da aka taɓa shigowa da shi. In ka rubuta dala 4 a kan abin da kowa ke rubuta dala 10, za ta ɗaga farashin da kanta, kai ne kuma za ka kawo hujja.

Hujjar ita ce shaidar tura kuɗi ta banki mai ɗauke da sunan kamfanin da ya sayar, da takardar yarjejeniya, da takardar farashi mai adadi ɗaya da abin da aka tura. Nan ne mutanenmu ke faɗuwa ko da gaskiyarsu. Mutum ya je Wapa ya ba ɗan canji naira, wani a Gwanzu ya miƙa wa mai kaya kuɗin hannu da hannu, babu takardar da ta haɗa sunansa da kuɗin. Ko da araha ya samu ta gaske, ba shi da abin nunawa. In dole ta wannan hanyar za ka biya, ka tabbatar kuɗin sun shiga asusun kamfanin mai kaya, an kuma ba ka shaidar da ta ambaci lambar takardar farashinka.

Rage farashi a takarda don a rage haraji kuwa araha ce da ba ta ado. Ban da tara in an gano, kamfanin inshora a kan abin da ka rubuta zai biya ka in kwantena ta faɗa ruwa ko ruwa ya shige ta.

Dalar kwastam

Farashin da ake lissafi da shi ba na kasuwar bayan fage ba ne, ba kuma wanda aka rubuta a kasafin kuɗi ba. Babban Bankin Najeriya ne ke ba da shi, yana kuma bayyana a shafin hukumar. Kafin Yunin 2023 bai kai naira 500 ba. Zuwa farkon Fabrairun 2024 ya haura 1,300, waɗanda kayansu ke kan ruwa a lokacin suka ga kuɗin fitonsu ya tashi ba tare da an taɓa kason haraji ba. A cikin watan ne babban bankin ya ba da umarnin a riƙa amfani da farashin ranar da aka buɗe Fom M. Duk da haka, abin da ya fito a takardar lissafinka shi za ka biya, don haka ka duba farashin da aka yi amfani da shi a jikinta, ka kuma bar rarar kashi 5 zuwa 10 a kasafinka.

Lissafin kansa

Mu ɗauka fanka 2,000 ce a kwantena mai ƙafa 40, kowace a dala 10 har kan jirgi, dako dala 4,000, inshora dala 200, dala a naira 1,500, layin kuma yana kan kashi 20 babu ƙarin haraji. Adadin misali ne, kai za ka sa naka.

FOB: dala 20,000, wato naira 30,000,000.
CIF: dala 24,200, wato naira 36,300,000.
Kuɗin fito, kashi 20 na CIF: naira 7,260,000.
Ƙarin kuɗin tasha, kashi 7 na kuɗin fiton, ba na CIF ba: naira 508,200.
Kuɗin duba kaya na CISS, kashi 1 na FOB: naira 300,000.
Harajin ECOWAS, rabin kashi ɗaya na CIF: naira 181,500.

Sai harajin sayen kaya na VAT, wanda tun Fabrairun 2020 yake kashi 7.5. Shi a kan komai ake ɗora shi: ka haɗa CIF da duk kuɗaɗe huɗun nan, za ka samu naira 44,549,700, kashi 7.5 ɗinsa kuma naira 3,341,228. Abin da za ka biya kwastam gaba ɗaya naira 11,590,928. Ka lura, kayan da ake cewa "na kashi 20 ne" sun ci kusan kashi 32 na CIF. Kowace fanka ta tashi daga naira 18,150 zuwa kimanin 23,945, ba a taɓa kuɗin kamfanin jirgi da na filin tasha da ladan ejan da motar Kano ba.

Yanzu ka taɓa abu ɗaya ka ga yadda sauran ke motsawa. Da layin na kashi 5 ne, jimlar za ta sauko naira 5,327,816, bambancin ya haura miliyan 6 a kwantena ɗaya, shi ya sa duk rigimar tasha a kan lamba take. In kuwa dala ta tashi daga 1,500 zuwa 1,600, kuɗin ya ƙaru da kimanin naira 772,700.

Layin CISS shi ne wanda za ka tabbatar da shi duk lokacin da za ka yi oda. Dokar hukumar kwastam ta 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar da aka gada tun kafin 'yancin kai, ta tanadi kashi 4 na FOB domin gudanar da hukumar. An fara karɓarsa a Fabrairun 2025, masu masana'antu da masu shigo da kaya suka yi ca, aka dakatar, daga baya aka sake taso da shi a matsayin madadin kashi ɗayan nan. A misalinmu kashi 4 naira 1,200,000 ne maimakon 300,000, in aka haɗa da VAT ɗin da zai hau kai ƙarin ya kusa miliyan ɗaya. Ka yi lissafi biyu, ka riƙe mai tsadar. Kada kuma a rikita ka da kashi 7 guda biyu: ɗaya shi ne wanda ke sama, kai ke biyansa, ɗayan kuwa ladan tarawa ne da aka saba cire wa hukumar daga abin da ta tara wa asusun tarayya, bai taɓa fitowa a takardarka ba.

Mota tata hanyar daban ce. Tun 2022 da lambar jikin mota ake fitar da darajarta, ba da abin da ka ce ka saya ba, kuma a jadawalin shekarar an sa wa motar hannu kashi 20 na kuɗin fito da ƙarin kashi 15. Shigo da mota ta iyakar ƙasa, ta Seme ko Jibiya ko Illela, an hana tun Janairun 2017.

Takardu, kowace a lokacinta

Da farko sai kana da rajistar kamfani ta CAC da lambar biyan haraji, TIN, wadda aka tabbatar da ita a shafin kasuwanci na gwamnati. Sai mai kaya ya aiko takardar farashi ta farko, wadda ake kira furofoma, mai ɗauke da cikakken bayanin kaya, adadi, farashin kowanne, kuɗin dako a ware, ƙasar da aka ƙera da tashar da za a sauke. Da ita da takardar inshora da izinin hukumar da kayan ya shafa za ka je bankinka a buɗe Fom M. Kayan lantarki da na gini da tayoyi da makamantansu na hukumar kula da ingancin kaya ta SON ne, kuma takardunta biyu ne: ta shaidar ingancin samfur, wadda ake buɗe Fom M da ita, da ta SONCAP, wadda ake bayarwa a kan kowane lodi. Abinci da magani da kayan kwalliya da sinadarai na NAFDAC ne. Jirgi maras matuƙi da wasu sinadarai da kayan tsaro sai da takardar ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro.

Kada a ɗora kaya a jirgi sai Fom M ya samu amincewa. Wannan ita ce ƙa'idar da aka fi takawa, domin mai kaya na gaggawar ya rabu da kaya, ɗan kasuwa na gaggawar ya riski kasuwar sallah. Lambar fom ɗin dole ta fito a takardar lodin jirgi, wato BL. Bayan jirgi ya taso, mai kaya zai aiko BL da takardar farashi ta ƙarshe da jerin abin da ke kowane kwali da shaidar ƙasar da aka ƙera. Banki ya tura wa kwastam, ita kuma ta fitar da PAAR, rahoton da ke nuna lamba da darajar da ta amince da su, tsarin da ake bi tun ƙarshen 2013. Jirgi daga Sin yakan yi sama da wata a hanya, lokacin ya isa a gama wannan kafin ya iso.

In PAAR ta fito, karanta ta da kanka, kada ka bar wa ejan. Duba lambar, duba darajar, duba adadin. In an ɗaga farashi ko an canza layi, yanzu ne lokacin ƙorafi ta bankinka tare da hujjoji, tun agogon tasha bai fara bugawa ba. Bayanin kaya kuma ya zama kalma ɗaya a furofoma da Fom M da BL da PAAR. Kwali 500 a wata takarda, 520 a wata, ya isa ya tsayar da kwantena mako biyu ana neman gyara daga kamfanin jirgi, da kuɗinsa.

Daga nan ejan mai lasisi zai shigar da sanarwar kaya a manhajar kwastam, wadda tun ƙarshen 2024 aka fara mayar da ita sabuwa mai suna B'Odogwu. Takardar lissafi ta fito, a biya a banki. Ka nemi kwafin sanarwar da takardar lissafin da rasidin banki, ka gwada su da naka lissafin. In ejan ya karɓi miliyan 11 rasidi ya nuna miliyan 7, to ya sauya lamba ko ya rage daraja, kuma sunan kamfaninka ne a takardar. Kai za a nema. Mafi aminci shi ne ka biya kuɗin fito kai tsaye daga asusunka, ka ba ejan ladansa da kuɗin zirga-zirga daban. Duk ejan da ya ce a ba shi dunƙule "zai san yadda zai yi" kuma farashinsa ya gaza abin da kalkuletarka ta nuna, ragin daga wani wuri ya fito.

A cikin tasha

Bayan biya, manhaja ce ke zaɓa wa kwantena layi. Kore a sake ta, shuɗi a sake ta amma a biyo ka da bincike daga baya, rawaya a sake duba takardu, ja a buɗe ta a ƙirga. Sabon mai shigo da kaya ya sa ran ja. In aka ga abin da ba a rubuta ba, ko adadi ya fi, ko lamba ba ta dace ba, za a ba ka takardar neman cikon kuɗi, wadda ake kira DN. Kayan da abokai ke roƙo a cusa musu a bakin kwantena, ɗan firiji, kwalin takalman yara, su ma in ba sa cikin jeri sun isa su jawo ta.

Jinkiri yana da masu karɓar kuɗi biyu da ba ruwansu da kwastam. Kamfanin jirgi na karɓar dimarej, wato kuɗin jinkirin mayar da kwantena, bayan kwanakin kyautar da ya ba ka sun ƙare, masu filin tasha kuma na karɓar kuɗin ajiya, dukansu kuɗin kwana ƙaruwa yake yi mataki mataki. Tun wajen cinikin dako ka nemi a ƙara maka kwanakin kyauta a rubuta a BL, musamman da yake sai kwantena ta je Arewa ta dawo fanko kafin a mayar maka da kuɗin jinginar da ka ajiye a kanta. Doka ta ba da kwana 30 a fitar da kaya. Bayan haka sai da izini na musamman, in aka ci gaba da bari kuma gwanjo ne ƙarshensu.

Hanyar Arewa

Fita daga ƙofar tasha bai gama magana ba. Rundunonin sintiri na kwastam suna kan hanya, na shiyyar Legas daga Ikeja, na shiyyar Arewa maso Yamma daga Kaduna, suna kuma da ikon tsayar da mota su gwada takarda da kaya. Direba ya riƙe kwafin sanarwar kaya, PAAR, rasidin banki, takardar sakin kaya da ta fita daga tasha. In an sauke kwantena an rarraba a tireloli biyu, kowace ta tafi da nata kwafin da jerin abin da ta ɗauka.

Ana iya kauce wa yawancin wannan ta hanyar tashoshin tsandauri: ta Kaduna da aka buɗe a 2018, ta Dala da ke Zawaciki a Kano a 2023, da ta Funtuwa a 2024. Kwantena kan taho a rufe ƙarƙashin kulawar kwastam, a duba ta a kusa da gida, kana tsaye. Kuɗin fiton bai canza ba, amma dole tun a Fom M da BL a rubuta cewa can ce tashar ƙarshe, ka kuma tambayi kuɗin dakon da kwanakin da ake ɗauka kafin ka yanke shawara.

Saura masu ƙaramin jari da ke haɗaka a kwantena ɗaya, ana biyan kamfanin dako a kan mita kubik, wato girman wurin da kaya suka ci, ko kilo, a ce har da kwastam a ciki. Sauƙi ne, amma takardun duk da sunan wani suke, kuma haramtaccen kwali ɗaya na wani da ba ka sani ba zai riƙe kayan kowa. Kafin ka ba da kaya, tambayi sunan kamfanin da ke kan Fom M, ka nemi a ba ka rasidi mai nuna adadin kwalayenka da alamar da ke jikinsu da lambar kwantena, ka kuma sa sharaɗin a ba ka kwafin sanarwar kaya da rasidin kuɗin fito ranar da za ka karɓa. Su za ka nuna in jami'ai suka zo sito ko suka tare motar da ke kai wa abokin cinikinka kaya Maiduguri ko Sakkwato. Kwantena mai ƙafa 20 takan ci kimanin mita kubik 28 na kaya a aikace, doguwar mai ƙafa 40 kuma ta kusa 70, saboda haka in odarka ta fara haura mita 15, zauna ka yi lissafin da ke sama ka gwada shi da kuɗin haɗaka kafin ka sake biya.